Lauyan Da Ba Ya Karɓar Kuɗi

Tun da kotu ta ƙulle dukiyar Pambos, yayan Tekla, motar Lauya Solon ta koyi hanyar gidan burodinta. Baƙa ce, doguwa, kuma kullum a gindin itacen lemon da nake jingine kekena yake ajiye ta.

Mutum irina da ya haura hamsin, ya binne matarsa, yana koyar da tsohon Girkanci ga yaran da ko sabon bai dame su ba, ba ya faɗa da mota. Sai na koma jingine keken a jikin kwandon shara.

Abin da ya faru ba baƙon abu ba ne a garinmu Lemesos, a wannan tsibiri namu na masu jin Girkanci. Pambos yana cikin masu ara wa baƙi suna. Wani attajiri daga ƙetare ya buɗe kamfanoni, ana bukatar ɗan ƙasa ya zauna a kujerar darakta, Pambos ya riƙa sa hannu a takardun da bai taɓa karantawa ba, ana ba shi na taba da na canjin mota. Attajirin ya ɓata da abokan cinikinsa, ya ɓace. Su kuma suka zo da lauyoyinsu, suka samo umarnin kotu cewa kada a taɓa duk abin da sunan Pambos yake kai har a gama shari'a.

Sunan Pambos kuwa yana kan asusun gidan burodi. Bai taɓa kwaɓa fulawa ba a rayuwarsa. Marigayi babansu ne ya bar shago da asusu ba a raba ba, kamar yadda tsofaffinmu suke yi, wai don kada 'ya'ya su rabu. To, ba su rabu ba. Tare aka ƙulle su.

Ba daga kotu Tekla ta ji labari ba. Daga bakin mai kawo fulawa ta ji, ranar da banki ya dawo masa da cekinta. Babu wanda ya kai ta ƙara, babu wanda ya ce ta ci kuɗin wani. Amma ga mata biyu masu taya ta aiki ba albashi, ga kuɗin wutar tanda, ga yaro a hannu wanda ubansa, Lakis, ya rasu tun yana ciki.

Duk layin sun san ina son ta. Ba a sayen burodin mutum huɗu kowace safiya ana zaune a gida mutum ɗaya tal ba tare da mutane sun gane ba. Mahaifiyarta, Kiriya Pantelitsa, ta riga kowa ganewa, ta kuma faɗa mini a fuska cewa ba za ta ba ni 'yarta ba: na tsufa, albashina na malami ne, na yi shekaru da marigayiya matata Mirofora ba haihuwa, ga baki kamar reza. Na yi ta neman ƙarya a cikin maganar, ban samu ko ɗaya ba.

Da aka hana ni babbar kujera, sai na nemi ƙarama. Makoki ya sa an jinkirta baftismar yaron, har ya fara tafiya ba a kiran sunansa, kowa Bebi yake ce masa. Na samu Tekla a bayan kanta na ce ina so in zama kumbaro, in riƙe shi a coci. Wanda ya riƙe yaro ya zama ɗan gida har mutuwa, yana da wurin zama a kowane biki. Ko wannan ya ishe ni.

Ko ɗaga kai ba ta yi ba daga naɗe burodi.

"A'a, Malam Zenon. Kowa ma, amma ban da kai."

Na ɗauki burodina na fita. Na gane, ko na ce na gane: ana ajiye yaron ne ga wanda zai iya sayen gicciyen zinariya mai nauyi.

Duk da haka da wannan masifa ta faɗo, ni na fara tashi. Na je wajen wani lauya a kusa da kotu, na tambaye shi abin da za a kashe a nuna wa alƙali cewa Tekla ba Pambos ba ce. Ya ce abu ne mai sauƙi, ana shigar da roƙo a saki rabon wanda ba ruwansa. Sannan ya faɗi kuɗin buɗe fayil kawai, ya fi albashina na rabin shekara. Kowane ɗage zama da nasa kuɗin. Ya ƙara da cewa in an yi nasara, wataƙila waɗanda suka nemi umarnin su biya wani abu a ƙarshe. Na tambaye shi yaushe ne ƙarshe. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Sai na yi abin da ƙarfina ya kai. Na riƙa sayen fulawa da sunana. Cinikin yini kuma ina kai shi gidana a gwangwanin biskit, daga nan ake biyan matan biyu da wuta. Tanda ba ta mutu ba ko kwana ɗaya. Na yi alfahari da wannan fiye da yadda ya kamata.

Ana haka Pambos ya kawo Solon.

Solon ya kai shekaruna, sai dai gashinsa bai san haka ba, don yana shan rini. Ya rabu da matarsa, yana da ofis mai hawa uku a bakin teku. Ya zo ne kan shari'ar Pambos, ya ga Tekla da fulawa a goshi, nan take ya gano cewa ita ce aka fi zalunta. Da ta tambaye shi nawa zai karɓa, ya dafa ƙirji ya ce ta daina zaginsa.

Lauyan da ba ya karɓar kuɗi, na karanta tarihi da yawa, ban taɓa cin karo da shi ba.

Kiriya Pantelitsa tana da kwalabe biyu na zaƙin tarbar baƙo. Ɗaya na ɓawon kankana, wanda ake ba mai karanta mita da mai kawo wasiƙa. Ɗaya na ɗanyen ɓaure, wanda take dafawa da hannunta, take ɓoyewa a saman kabad. Shekara da shekaru ɓawon kankana nake ci a gidan. Solon, ranar farko, ɓaure biyu aka sa masa a faranti, da ruwan sanyi a kofin da aka yi aurenta da shi.

Da ya ji labarin gwangwanin biskit, bai kira ni gefe ba. A cikin shago ya yi magana, gaban masu sayen burodi, gaban tsohuwa, da murya mai laushi kamar likita. Ya ce ya san niyyata kyakkyawa ce. Amma duk wanda ya san da umarnin kotu, ya kuma ɗauke kuɗin da Pambos yake da rabo a ciki ya kai wani wuri, ya raina kotu ke nan. Ana ɗaure mutum a kan haka. In lauyoyin can suka ji, za su ce Tekla tana ɓoye dukiyar yayanta, roƙonta ya lalace.

"Malam, kai dai ka riƙe littattafanka," ya ce. "Wannan ka bar wa waɗanda suka iya. Kuma don ita, ka ɗan rage zuwa."

Wataƙila gaskiya ya faɗa. Abin da ya fi ƙona ni ke nan.

Na kawo gwangwanin na ajiye a kan kanta. Tsohuwa ta buɗe ta leƙa, kamar mai duba ko na ci biskit ɗin.

Na rage zuwa. Wato na koma shagon kofi na tsallaken titi, inda ake ganin komai. Na ga yana riƙe mata ƙofar mota ranar zaman kotu. Na ga sun dawo an ɗage zama, yana mata bayani da hannu biyu, tana gyaɗa kai. Na ga ya ɗauki Bebi ya ɗora a kan sitiyari. Na ga ta yi dariya sau ɗaya, dariyar da na ɗauka ni kaɗai na san hanyarta. Mai kofi ya ce in na ci gaba da kallon titin haka, gilashinsa zai tsage.

Wata ranar Alhamis da rana tsaka, lokacin da layi yake barci, ta aiko ɗaya daga matan ta kira ni. Na same ta a ɗakin ajiya, zaune a kan buhun fulawa, ta cire ɗankwalin aiki. Idanunta sun kumbura.

Ta ce Solon ya yi wa Mama magana. Ranar Lahadi za a ci abinci a gida, an gayyaci firist, limamin cocinmu, kuma kowa ya san abin da ake nufi in an gayyaci firist cin nama ba ranar biki ba. Ta ce Pambos ya durƙusa mata a kicin yana kuka, wai in Solon ya janye, shi gidan yari zai tafi. Mama kuma ta daina shan maganin hawan jininta, ta ce sai ranar da aka sa zobe.

Ya kamata in riƙe hannunta. Maimakon haka na ce, "To ai ciniki ya yi kyau. Kin lissafa awoyin da ya yi miki? Kada ya ba ki canji bai cika ba."

Ta dube ni, hawaye suka zubo ba ta share ba.

"Kai kana ganin ban lissafa ba? Kowace takarda da ya rubuta, kowace tafiya kotu, ina ji a wuyana kamar an ƙara dutse. Da kuɗi yake karɓa, da na san ranar da zan gama biya."

"Ki ce masa ya kawo takardar kuɗinsa."

"In biya da me? Da asusun da ba na iya taɓawa? Zenon, ni ban sa hannu a komai ba. Ban san attajirin nan ba, ko a hoto. Ina tashi kafin kowa a garin nan, ina kwana da ƙunar tanda a hannu. Yau an ce sai na sayi mutumin da zai shaida wa alƙali cewa burodina nawa ne. Kuma abin da nake da shi na biya guda ɗaya ne."

Wannan ne karo na farko da ta kira sunana ba Malam a gaba. Na ji, amma kishi ya fi kunne sauri.

"Na ga kina dariya a motarsa," na ce.

"Ka gani daga shagon kofi. Ni ma ina ganinka. Kofi ɗaya kake sha tun safe har azahar, mai shagon ya kawo mini ƙararka."

Ta ja hanci, ta goge fuska da bayan hannu, fulawa ta shafu a kumatunta. Ta ce in zo ranar Lahadi. Na tambaye ta ko tafi ake bukata. Ta ce a'a, in zo in zauna, in rufe bakina sau ɗaya a rayuwata.

Na yi rantsuwa ba zan je ba. Na goge takalmina tun ranar Asabar.

An jera tebur a tsakar gida ƙarƙashin rumfar inabi. Pambos yana juya nama a kan garwashi, ya rame, yana yi wa kowa murmushin mai laifi. Firist ya zauna a kan gaba. Solon yana damansa cikin farar riga, aljihunsa na hagu ya ɗan kumbura da abu mai kusurwa huɗu. Ni aka sa ni a ƙarshe, kusa da famfo. Kiriya Pantelitsa ta gaishe ni kamar yadda ake gaishe da ruwan sama ranar shanya.

Solon ya ba da labarin shari'a. Ya ce zama mai zuwa shi ne babba, ya shirya komai, lauyoyin can sun fara laushi. Ya ce da wani ne, da an kashe abin da zai sayi rabin shagon. Tsohuwa ta yi alamar gicciye, ta ce Allah ne ya aiko shi. Na ce a raina Pambos ne ya aiko shi, amma na tuna alkawarina, na cika bakina da burodi.

Bayan nama aka kawo zaƙi. Ɓaure ga firist, ɓaure ga Solon. Nawa ba sai na faɗa ba.

Solon ya goge baki, ya tura kujera baya, hannunsa ya nufi aljihu.

Tekla ta riga shi miƙewa. Ta ɗauko Bebi daga cinyar kakarsa, ta zagaya teburin, ta sa yaron a hannun Solon kafin hannun ya kai inda za shi. Dole ya karɓa, in ba haka ba yaro ya faɗi.

"Lauya Solon," ta ce, da muryar da kowa yake ji, "abin da ka yi mana ba ni da abin biya. Abu mafi daraja da nake da shi, ga shi a hannunka. A gaban firist, a gaban mahaifiyata, ina roƙonka ka riƙe ɗana a baftisma. Ka zama kumbaronmu."

Abin da na roƙa aka hana ni, ga shi an miƙa wa mai rini ba tare da ya tambaya ba. Zai samu uwa, an haɗa masa da ɗa. Na dafa tebur zan tashi.

Sai na ga fuskar tsohuwa. Cokali ya faɗi daga hannunta. Na ga fuskar Solon, ta yi fari kamar rigarsa.

Firist, wanda ko bai san abin da aka gayyato shi yi ba, ko ya sani ya fi kowa wayo, ya ɗaga hannu cike da murna. Ya ce babu roƙon da ya fi wannan, kuma babu Kirista da yake mayar da yaron da aka sa masa a hannu. Ya ce daga ranar baftisma Solon da Tekla sun zama wa da ƙanwa a gaban Allah, zumuncin da ya fi na jini, shi ya sa coci ba ta taɓa ɗaura aure tsakanin uwar yaro da wanda ya riƙe shi.

Na koma na zauna a hankali.

Wannan doka na san ta tun ina yaro. Kowace tsohuwa a tsibirin nan ta san ta. Na yi shekara ina tauna "kowa ma, amma ban da kai," ban taɓa juya maganar na duba bayanta ba.

Solon ya daɗe yana kallon yaron, wanda ya kama maɓallin rigarsa yana ja. Ƙin karɓa a gaban firist, kafin yamma duk Lemesos ta ji cewa babban lauya ya mayar da maraya. Ya sani. Ya yi murmushin da na tabbata alƙalai sun san shi.

"Kin iya shari'a, kumbara," ya ce, da sunan da kumbaro yake kiran uwar yaro. "Na karɓa. Gicciye da kayan yaro a kaina suke, haka al'ada ta ce. Zaman kotu ma zan tsaya miki, ba a barin 'yar'uwa a hanya." Ya miƙa mata yaron. "Sai dai ni ne kumbaro, ofis ba kumbaro ba ne. Ina da abokan aiki, sun daɗe suna tambayata. Takardar kuɗi za ta iso cikin mako, tun daga ranar farko."

Ya sumbaci hannun firist, ya gaishe da tsohuwa, ya fita da abin da ke aljihunsa. Ni ko kallo ban samu ba.

Pambos ya jefar da tsinken nama ya shige ɗaki. Kiriya Pantelitsa ta fashe da kuka, ta ce Tekla ta kashe ta, ta sayar da shagon ubanta saboda mai keke. Ta ce kuɗin lauya tun daga ranar farko, Tekla ta san abin da wannan yake nufi? Rabin shago, da bakinsa ya faɗa. Tekla ta tsaya rungume da yaron, ita ma tana hawaye, ta ce ta sani, Mama. Ta ce bashi dai ana gama biyansa.

Ni gidan Mirofora nake tunani. Gidan da ubanta ya gina mata na aure, wanda ban matsar da ko kujera ɗaya a cikinsa ba tun rasuwarta. Sunan Pambos ba ya kansa. Babu kotun da ta ƙulle shi, ni ne na ƙulle shi. Na san bankin da zai karɓe shi jingina, na kuma san abin da 'yan'uwan Mirofora za su kira ni.

"Gwaggo," na ce wa tsohuwa, "takardar in ta zo, a kawo mini."

"Kai? Da me?"

"Da gida."

Ta daina kuka, ba don ta yarda ba, don tana lissafi. Sannan ta ce ko da gida goma ne, sai bayan ranta. Ta tashi ta bi ɗanta ciki. Firist ya tuna yana da mara lafiya da zai duba.

Muka rage mu biyu da yaron. Tekla ta shiga kicin, na ji an ja kujera, an taka, an buɗe saman kabad. Ta dawo ta janye farantin ɓawon kankana daga gabana, ta ajiye wani.

"Ci," ta ce, "kafin kotu ta ji labarinsa."

Na ci. Ya yi zaƙi fiye da kima, kamar yadda na daɗe ina zato. Amma hali ba ya barin mutum don an ba shi ɓaure. Na ce mata ta dai san abin da ta yi: shi zai fara kiran sunan yaron a coci, shi zai zo da kyandir kowace Ista, shi zai zauna a kan gaba ranar auren yaron. Ta ba shi kujera a gidan nan har mutuwa. Motar nan kuma ba za ta bar gindin lemon ba.

Ta sauya wa yaron kafaɗa, ta dube ni da jajayen idanu.

"To ta zauna a can. Kai ka shigo da kekenka tsakar gida. Waje na baƙi ne."